Saura makonni shida jarrabawa: malamin gida, ajin bita, ko karatu da abokai?

A farkon watan Mayu, bayan la'asar, a irin zafin Garwa ta arewacin Kamaru da fanka ma iskar wuta take hurowa, Yayata ta yi sallama a gidana da sefa 30,000 ƙulle a bakin mayafi. Kwasar adashinta ce. Babban ɗanta yana Première, ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, ɓangaren kimiyya na D, jarrabawar ƙasa ta Probatoire na jiransa a watan Yuni. Ƙanwarsa tana 3ème, shekara ta huɗu a sakandare, ita kuma jarrabawar ƙasa ta BEPC ce a gabanta. Ta kwance ƙullin, ta ajiye a kan tabarma, ta ce, "Kai ne ka yi boko a gidanmu. Maƙwabciyata ta ɗauko wa nata malami har gida. Wasu sun ce ajin bita na makaranta ya fi. Shi kuma yaron cewa yake in bar shi ya riƙa zuwa wurin abokansa da dare. Wanne zan bi? Kuɗin ke nan, babu wasu a bayansu."

Tambayar nan na san gabanta da bayanta. Lokacin da nake ɗalibi a jami'ar Ngaundare, can Dang, da koyar da 'ya'yan mutane a gidajensu nake biyan hayar ɗaki. Yanzu kuma ni nake biyan malamai. Abin da na gaya wa Yaya ran nan shi zan shimfiɗa a nan, da ɗan ƙari, don na san ba ita kaɗai take wannan lissafin ba, daga Yelwa ta Garwa har Domayo ta Marwa.

Makonni shidan nan a kalanda kawai suke shida. Cire ranakun da makarantu ke kwashe yara zuwa atisayen faretin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa. Cire Babbar Sallah, wadda a shekarun nan take faɗowa kusa da lokacin jarrabawa, a 2025 ma a farkon Yuni ta zo. Cire dararen da aka ɗauke wuta, tunda ƙarshen rani ne ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta yake ja baya, cire kuma yammacin da hadari ya taso ya hana fita. Abin da zai rage da ƙyar ya wuce wata guda na aiki. A wata guda ba a sake karatun shekara daga farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma goran da aka riga aka fafe ana iya toshe masa inda yake yoyo. Kafin a kashe ko dala, sai a gano inda yake yoyon.

Na ce yaron ya kawo min takardunsa na jarrabawar gwaji. Ba makin kaɗai ba, takardun kansu, da jan biron malami a jiki. Ya tsaya sosa ƙeya, ya ce, "Kawu, wasu sun ɓata." Na ce ya kawo waɗanda ba su ɓata ba. A nan aka ga lissafi 6 cikin 20, fizik 7, SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) 11, Faransanci 9, tarihi da labarin ƙasa 13. Da na tambaye shi me yake karantawa da dare, sai ya ce tarihi. Haka yara suke, inda suka iya nan suke komawa, don nan ne karatun ba ya ciwo.

A tsarinmu kowane darasi yana da nauyinsa, abin da yara ke kira kowef, kuma da shi ake ninka makin kafin a fitar da matsakaici. A ce darasi mai nauyi 4 ne, yaro ya ɗaga shi daga 6 zuwa 9, ya samu maki 12. A ce wani mai nauyi 2 ne, ya ɗaga shi daga 13 zuwa 15, maki 4 ya samu, alhali ɗaga 13 zuwa 15 yakan fi ɗaga 6 zuwa 9 wuya. Wanda ke neman 10 cikin 20 ya haye, a darasi mai nauyin da ya faɗi a cikinsa ribarsa take. Nauyin kowane darasi a rubuce yake a takardar sakamakon zangon karatu, kuma kowane malami a makarantar zai faɗa maka na jarrabawar ƙarshe in ka tambaya. Uwa ko uban da bai taɓa shiga aji ba zai iya wannan lissafin, don bai kai na adashi sarƙaƙiya ba.

Takardun suna nuna wani abu da makin ba ya nunawa. Akwai yaron da ya bar wurin amsa fari tas, bai san ta inda zai fara ba. Wannan ramin a tushe yake. Akwai wanda ya fara daidai, ya yi rabi, lokaci ya ƙare masa. Wannan ya gane, hannunsa ne bai saba ba. Akwai kuma na uku, wanda ya yi yawa a cikin yaranmu: ya cika shafi da aiki mai kyau, amma ba abin da aka tambaye shi ba ne. Yaron da ke Hausa a gida, Fillanci a layi da kasuwa, Faransanci kuma sai a aji, yakan iya lissafin sarai ya faɗi a karatun tambayar. Tun da aka shigo da tsarin koyarwar nan na APC, mai auna iya aiki da abin da aka koya, tambayar lissafi ma takan zo a cikin labari mai tsawo, wani manomi da gonarsa, wani ɗan kasuwa da tankinsa, sai ka tsamo abin da ake nema daga cikin zancen. Kowane ɗaya cikin yaran nan uku maganinsa daban, shi ya sa abin da ya yi wa ɗan maƙwabciya aiki zai iya zama asarar kuɗi a gidanki.

Ma'aunin da nake gwada kowace hanya da shi guda ne, kuma ba daga boko na fara saninsa ba. A makarantar allo, malam ba ya cewa ka wanke don ka zauna kana kallon allonka tun safe. Sai ka kifa shi ka biya da ka. In ka yi tuntuɓe ya gyara maka, ka koma. Masu hadda kuma sun san abin da aka haddace ba a yi masa tilawa ba, gudu yake yi. Masu bincike sun zo sun auna wannan da alƙaluma. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi zama huɗu suna karanta shi. Wasu suka yi zama ɗaya na karatu, sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda labari ya juya: masu rubutawa da ka sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kashi 40. Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda suka yi ta karantawar su ne suka fi tabbacin za su tuna. Wato kallon littafi yana sa yaro ya ji ya iya, jarrabawa kuma ba a shiga da littafi.

Saboda haka tambayata ga kowace hanya ita ce: a cikin awa guda, minti nawa hannun yaron ke rubutu littafi a rufe, kuma wa zai duba abin da ya rubuta?

Malamin gida shi ne ya fi tsada, kuma shi ne ya fi saurin kwantar wa iyaye hankali. Kana ganin mutum ya shigo da jaka, an shimfiɗa masa tabarma, an kai masa ruwan sanyi, sai ka ji ka sauke nauyi. Zan faɗi laifina. Shekarata ta farko a wannan aikin, abin da nake yi shi ne in karɓi tambayar in warware ta a kan allo tiryan-tiryan, yaro yana kallo yana gyaɗa kai. In ce, "Ka gane?" ya ce, "Na gane." Iyaye na sa min albarka. A ƙarshen wata ni ne na ƙware a lissafin 3ème, yaron yana nan inda na same shi. Ban farga ba sai ranar da alli ya ƙare, na miƙa masa biro na ce ya yi irin wadda muka yi jiya. Ya riƙe biron kusan minti goma bai rubuta layi ɗaya ba.

Duk da haka, ga yaron da raminsa ke tushe, mai 5 ko 6 a lissafi, babu abin da ya kai malamin gida. Shi kaɗai zai iya komawa baya ya gano cewa matsalar ba ta Première ba ce, tun a 4ème, shekara uku baya, aka bar yaron bai iya buɗe baka biyu a ninka ba, ko alamar ragi ce take rikita shi. A aji babu mai wannan haƙurin, yaro ma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Haka ga na ukun nan mai tuntuɓe a harshe: malamin da zai ce, "Faɗa min da Hausa, me ake nema a nan?" sannan ya sa shi ya rubuta amsar da Faransanci, ya yi masa babban aiki.

Sharuɗɗana ga mai son wannan hanyar kaɗan ne. Darasi ɗaya ko biyu, ba duka ba. Duk wanda ya ce zai koyar da lissafi da fizik da Faransanci da Turanci da tarihi shi kaɗai, taura biyu ma ba ta taunuwa balle biyar. A biya shi a kan zama ko a kan mako, kada a ba da na wata a dunƙule, don in bai yi ba a sallame shi ba tare da rigima ba. Sannan a zauna kusa a zama na farko a duba hannun wa biro yake. Ko ba ka jin Faransanci za ka gane wannan. In muryar malam kaɗai kake ji daga farko har ƙarshe, kuɗinka na tafiya a banza. In kana jin shiru mai tsawo, sai ɗan gyara, sai wani shirun, to aiki ake yi. Game da wa za a ɗauko: malamin lise, wato sakandare, ya fi sanin yadda ake raba maki, amma a watan Mayu gidaje da yawa yake zagayawa, a gajiye zai iso maka. Ɗalibin jami'a da bai daɗe da cin Bac, jarrabawar gama sakandare, ba ya fi araha, ya fi lokaci, kuma tun da aka buɗe jami'ar Marwa a 2008 da ta Garwa a 2022 irinsu ba sa wuyar samu. Sai dai a ga takardar makinsa a darasin da zai koyar, ba kunya a ciki. In yarinya ce ɗalibar, a yi zaman a tsakar gida inda ido ke gani, hankalin kowa ya kwanta, har da na malamin.

Ajin bita, wanda malamai ke shiryawa bayan an tashi ko ranar Asabar, kuɗinsa na wata yakan yi daidai da zama biyu ko uku na malamin gida. Amfaninsa babba guda ne: mai koyarwar ya san jarrabawar. Da yawansu ana kiransu gyaran takardu duk shekara, sun san inda yara ke zubar da maki, wanda ya manta rubuta ma'auni bayan lamba, wanda ya yi zane bai sa masa suna ba, wanda ya tsallake gabatarwa a rubutun Faransanci. Irin waɗannan rabin maki rabin maki su ne ke raba 9 da 10. Ga yaron da ke tsakanin 8 da 11, wanda ya gane amma bai goge ba, wannan ajin ya dace da shi. Ga wanda ba ya iya zama da kansa kuma, aƙalla akwai lokacin da aka yanka masa.

Aibinsa shi ne yakan zama ajin safe ne aka sake da yamma: yara cunkus, malam na rubutu a allo, su suna kwafa, zafin kwano na dukan kowa. Yaron da bai gane da safe ba, da wuya ya gane da ƙarfe uku na rana. Mai 5 cikin 20 zai cika littafi da kyawawan amsoshin da ba nasa ba. Kafin a biya a tambayi yaron da ke zuwa: ana ba ku tambaya ku yi da kanku kafin a gyara, ko gyaran kawai ake rubuta muku? Ku nawa ne? A kuma sa kuɗin babur na zuwa da dawowa a lissafi, don shi ne yake cinye arahar ba a sani ba. Akwai kuma malamin da ke nuna wa yara a fakaice cewa wanda bai shiga ajinsa ba zai gani. Wannan bai kamata ya tsorata kowa ba a jarrabawar ƙasa: ba shi ke fitar da tambayoyin ba, kuma ana rufe sunan ɗalibi kafin takarda ta isa hannun mai gyara. Probatoire da Bac ofishin jarrabawa na OBC ne ke shirya su, BEPC kuma ma'aikatar ilimin sakandare.

Karatu da abokai shi ne yaron yake so, shi ne Yaya take tsoro, kuma dukansu suna da gaskiya. Mafi kyawun bitar da na taɓa yi a rayuwata a zauren wani abokina ce, mu huɗu, da allon katako da muka shafa wa baƙin fenti. Kowa da ranarsa ta tashi ya yi bayani, sauran su yi ta yi masa tambaya har ya rasa ta cewa. Wanda ya tashi zai koya wa wani dole ya biya da ka, kuma a gaban sa'o'insa yaro ba ya jin kunyar cewa bai gane ba. Ba a biyan ko sisi. Amma na ga inda aka taru mutum tara, aka buɗe littafi, wani ya kawo zancen wasan ƙwallon Coton Sport, wani ya fito da waya, aka dafa shayi zagaye uku, sha biyun dare kowa ya koma gida da tabbacin ya yi karatu.

Bambancin biyun ba ya wuce abu uku. Kada su wuce huɗu. Su kasance ajinsu ɗaya kuma ƙarfinsu ya kusa, ko kowa da darasin da ya fi sauran, don in ɗaya ne gwani sauran za su koma masu kwafa, shi kuma lokacinsa ya tafi. Sannan kowa ya fara gwada tambayoyin shi kaɗai a gida, haɗuwar ta zama ta gwama amsa. Na ce wa Yaya, maimakon ta hana shi fita ko ta sake shi, ta ce su zo nata zauren. Ta san fuskokinsu, ta san lokacin da suka tashi, wayoyi kuma a tara su a kwano ɗaya a miƙa mata ciki. Yaron ya ɓata rai, amma ya yarda.

Hanya ta huɗu ba ta cikin tambayar Yaya, alhali ita ce ginshiƙin sauran: yaro ya zauna shi kaɗai da tsofaffin takardun jarrabawa, agogo a gabansa. Shafi ɗaya sefa 25 ake buga shi a yawancin shaguna. A nemi na shekaru huɗu ko biyar na baya-bayan nan, don waɗanda suka girme su an yi su ne a tsohon tsari, sigar tambayarsu daban. A ba takardar daidai lokacin da aka rubuta a samanta, in awa uku ce awa uku, ba tashi, ba leƙen littafi. Ga yaron da lokaci ke ƙare masa, wannan ne maganinsa, ba malami ba. Sau biyu ko uku a mako ya isa, sauran kwanakin na gyara ne da komawa kan abin da aka faɗi.

Tarkon wannan hanyar shi ne ɗan littafin nan mai tambayoyi da amsoshi a haɗe, wanda yara ke kira bor. Yaro zai karanta tambaya, ya juya shafi, ya karanta amsa, ya ce ai dama haka zan yi. Ƙarya yake yi wa kansa bai sani ba. A nan ne uwar da ba ta yi boko ba take da aikin da ba wanda zai yi mata. Yaya ta ce, "Ni da ban san bihim ba a Faransanci, me zan iya?" Na karɓi littafin, na nuna mata inda amsoshin suka fara, muka farke shi gida biyu. Rabin amsoshin ya shiga ƙasan akwatinta, ƙarƙashin atamfofi. Ba ya fitowa sai yaron ya nuna mata shafukan da ya cika da hannunsa. Ita ke riƙe agogo. Da dare kuma takan ce ya rufe littafi ya faɗa mata da Hausa abin da ya karanta yau, yadda jini ke zagaya jiki ko abin da ya haddasa yaƙin duniya na ɗaya. Ba sai ta san amsar ba. Inda ya fara in-ina, ita da shi duk sun ji. Ta yi shekaru tana karɓar haddar yara a gida, kunnenta ya san muryar wanda ya iya da ta mai lalube.

Raunin karatu shi kaɗai shi ne rashin mai gyara na gaskiya. Lissafi da fizik yaro na iya gwama nasa da amsar littafi. Rubutun Faransanci, sharhin tarihi, falsafa ga 'yan Terminale, ajin ƙarshe, waɗannan sai idon malami. Shi ya sa nake haɗa ta da ɗaya daga cikin sauran, ba na barin ta ita kaɗai sai ga yaron da makinsa ya riga ya haura 12.

Waya ba zan daɗe a kanta ba. Bidiyon YouTube na minti goma a kan abu guda da ya shige wa yaro duhu yana da amfani, in ya rufe wayar ya gwada da hannunsa. Awa biyu yana kallon wani na warware tambayoyi kuwa, malamin gidan nan ne irina na shekarar farko, sai dai wannan har kuɗin data yake ci. Abin da ya fi haɗari shi ne zaurukan WhatsApp masu sayar da abin da yara ke kira ruwa, wato tambayoyin da wai sun fito kafin ranar. Yawanci damfara ce. In ma gaskiya ce, a 2020 sai da aka sake rubuta wasu darussan kimiyya na Bac saboda tambayoyin sun yaɗu a waya, aka kama mutane har da ɗalibai. Yaron da ya kwana jiran ruwa ya yi asarar daren da zai yi bita, in kuma aka kama shi, abin ya wuce faɗuwar shekara guda.

Maganar yarinyar daban ce, kuma a nan na ɗan yi wa Yaya faɗa, da ladabi. Makinta ya fi na wanta, tana tsakanin 10 da 11. Matsalarta ba fahimta ba ce. Kafin ta tafi makaranta ta yi shara da wanke-wanke, ta dawo ta ɗora tukunya, ta goyi auta, bayan magariba ga islamiyya. Lokacin da za ta buɗe littafi ido ya riga ya yi nauyi. Shi namijin ana cewa a yi shiru yana karatu, ita ana ƙwala mata kira daga tsakiyar lissafi ta zo ta miƙo gishiri. Ko malamin da ya fi kowa aka ɗauko mata, barci zai tarar. Abin da take buƙata kyauta ne a kuɗi, amma ya fi komai wuyar bayarwa a gida: a ɗauke mata girkin dare na wata guda, a je a roƙi malamin islamiyya ya ba ta hutu har a gama jarrabawa. Malaman nan ba sa ƙi in babba ya je da kansa. Yaya ta yi shiru, ta ce, "To wa zai yi min?" Matata ta ce za ta turo 'yarmu da ba ta da jarrabawa bana. Da haka aka rufe wannan.

Barci kuma ba a cinikinsa. Likitoci na cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne abin da aka karanta yake zama. Na san a zafin Mayu wannan magana ce mai sauƙin faɗa. Abin da ya fi mana aiki shi ne kwanciya da wuri a tsakar gida cikin gidan sauro, don zazzaɓi a makon jarrabawa ya fi kowane darasi kayar da yaro, sannan a tashi da asuba, a yi awa ɗaya da rabi kafin rana ta ɗaga. Kofi kofi uku da goro don a kwana ido biyu ba ya ƙara komai sai bugun zuciya. Ƙwayar tramol da wasu samari ke cewa tana hana gajiya, in aka gan ta a aljihun yaro, a ajiye zancen jarrabawa a fara da wannan. Gara kuma a taɓa darasi sau uku a mako, minti arba'in-arba'in, da a yi masa zaman yini guda a bar shi. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna mafi yawan mantuwa a awannin farko da kwanan farko take aukuwa, kuma komowa kan abu bayan tazara shi ke rage ta.

Ga yadda muka raba kuɗin. Sefa 16,000 ga wani ɗalibin jami'a, zama takwas a mako huɗu, lissafi da fizik kawai, kuma na gaya masa a gaban yaron cewa biro a hannun ɗalibi zai zauna. Sefa 6,000 ajin bita na yarinyar ranar Asabar, tunda ita gogewa take nema, makarantar kuma da ƙafa ake zuwa. Sefa 3,000 aka buga tsofaffin takardu shafi 120, nasa da nata. Sauran 5,000 fitila mai cajin rana, don kada ɗauke wuta ya zama hujja. Abokai uku suna zuwa zaure Laraba da Lahadi. Da sefa 16,000 kawai ke hannu, da na cire ajin bitar da rabin zaman malamin, na bar takardun da fitilar. Da yaron 9 yake da shi a lissafi ba 6 ba, da ban ɗauko malami ba sam.

Makon ƙarshe na ce a sallami malamin, kada a buɗe sabon babi, a koma kan kurakuran da aka tara a littafi guda. Ana gobe jarrabawa yaron ya je ya ga makarantar da aka tura shi da ɗakin da sunansa yake, don ba lallai ta zama tasa ba. Da dare Yaya ta jera masa katin shaida da takardar shiga, biro biyu, fensir, abin zane da kwalbar ruwa a kan sallayarta. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, a ba ni amsoshin nan na akwati in ɗan duba sau ɗaya." Ta ce mabuɗin yana wurin Kawunsa, ya je ya kwanta.